Raɓa Tsanin Tsutsa

A daren Maris aka haife ta, can saman dutsen Wales, ana ruwa.
Uwar ba ta kai asuba ba.
Na naɗe ta da tsohuwar rigar sanyina,
na sauko, fitila a baki, kare na bin sawuna,
na sa ta a kwali gaban murhu.
Jikata Eluned ta farka, ta leƙa, ta ce, "Tawa ce."
Ban ja ba. Wa ke jayayya da yaro a kan marainiya?

Ta raɗa mata Nel.
Kwalba huɗu da rana, ɗaya tsakar dare,
madara mai ɗumin kunci, a gwada a bayan hannu.

Na ba ta gadon da uwata ta bar mini:
tafarnuwa a daka, a cuɗa da dusa,
'ya'yan kabewa a niƙa,
cokalin khal na tuffa a bokitin sha.
Kofato a ɗaga shi, a datse,
kafin laka ta yi gida a ciki ya soma wari.
Ulun gindi a aske, don ƙuda ba ya neman izini.

Modlen, tsohuwar akuyarmu, ba ruwanta da mu.
Ita sama take kiwo,
ganyen ƙaya kan katangar dutse, reshen bakin rafi,
ba ta sunkuya wa ciyawa ko da yunwa.
Girman kanta ne maganinta.
Nel kuwa baki a ƙasa tun hudowar rana,
wuri guda, bayan kicin, inda take jin muryar yarinya.

Tsutsa ba ta da ƙafa, amma tana hawa.
Raɓa ce tsaninta.
Ta kwana a kashi, ta wayi gari a kan ciyawa,
tana jiran bakin da ya fi kowa sammako.

Agusta ya zo, Nel ta daina tsalle.
A kira ta, sai ta ɗago kai kawai.
Eluned ta ninka tafarnuwa, gida duk ya ɗauki wari.
Ni na ga kumburin nan ƙarƙashin haɓa,
kwana uku ina gani ina kau da kai,
don kada a ce ilimin uwata ya gaza.
Ran na huɗu na ja fatar idon ƙasa.
Fari fat, kamar faranti.

Yarinyar ta dube ni. Ba ta ce komai ba,
da ma ta yi magana.

Muka tsinci kashi a kwalbar jam,
muka gangara gari, motar na tari a kwana.
Likita Tegwen ta sa ido a madubinta, tana ƙirga ƙwai,
ta kai wani adadi ta bar ƙirgawa.
Ta ce, "Idwal, tafarnuwa ƙyaure ce, ka ci gaba da rufewa.
Amma ƙyaure ba ya fitar da ɓarawon da ya riga ya shiga."

Magani sai da awo.
Eluned ta hau sikelin banɗaki rungume da Nel,
ta sauka, ta hau ita kaɗai,
muka yi ɗebewa a bayan ambulan.

Mako biyu kafin ja ya dawo,
kaɗan-kaɗan, kamar garwashin da aka hura.

Yanzu duk Asabar muna matsar da shinge.
Ba a buɗe mata sai raɓa ta bushe.
Tafarnuwa na nan, kabewa na nan,
lambar likita kuma a jikin ƙofa, da rubutun yarinya.

Jiya ina zaune da shayi, na gaji,
sai na ji ɗan yatsa mai sanyi a kuncina.
Ta ja fatar idona ƙasa, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, "Kai ma da sauranka, Kaka."